Bashi Kafin Rijiya: Yadda Ake Auna Kamfanin Haƙar Mai

Tun shekarar 2024 ɗanyen mai ke gudana a ƙarƙashin ƙasa yamma da iyakar Bagudo, cikin bututun da ya taso daga Agadem a jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Dosso, ya tsallaka kogin Neja ta wajen Gaya, ya gangara cikin ƙasar Benin har tashar Seme da ke bakin teku. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, an gina shi don ya ɗauki ganga 90,000 a kullum, kuma kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya zuba kuɗin aikin. Mutanen Lolo da Illo da Tsamiya da Ka'oje, waɗanda cinikinsu da zumuncinsu suke haɗe da Malanville da Segbana tun kafin a shata iyaka, ba sai rediyo ta ba su labarinsa ba. Shi ya sa tsohuwar maganar nan ta sake tashi: tunda maƙwabta sun samu, mu ma yana nan ƙarƙashinmu, lokaci kawai ake jira. Gaskiya ne masana duwatsu suna lissafa Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin abin da suke kira Kwarin Sakkwato, gefen wani babban kwari mai suna Iullemmeden da ya shiga Nijar da Mali da arewacin Benin, kuma NNPC ta sanya shi cikin wuraren da take fatan bincikawa. Sai dai man Agadem daga wani kwari dabam yake fitowa, can gabas wajen Chadi, kuma har yau ba a taɓa sanar da samun man da ya isa sayarwa a Kwarin Sakkwato ba.

Fata ba laifi ba ne, kuma ranar da manyan motoci za su shigo da na'urar haƙa tana iya zuwa. Abin da ya kamata a shirya wa shi ne abin da ke biyo baya a ko'ina: kamfani ya zo neman fili, ya nemi 'yan kwangila, ya nemi lamunin banki, wani lokaci ya nemi jama'a su sayi hannun jari. A nan kowa yakan tambayi ganga nawa ke ƙarƙashin ƙasar. Tambayar da ta cancanci zuwa farko ita ce, nawa ake bin kamfanin, wa ke binsa, dala ce ko naira, kuma yaushe wa'adin zai cika? Dalilina shi ne abin da ya faru tun daga 2014. Yawancin kamfanonin mai da suka durƙushe, a Najeriya da waje, suna da rijiyoyi, suna da na'urori, wasu ma suna sayar da mai har ranar da aka karɓe su. Ranar biya ce ta riga ranar samu zuwa.

Iri biyu ake haɗawa a kira su kamfanin mai. Akwai mai lasisin fili, wanda aka ba izinin nema da haƙowa. Akwai kuma mai na'urar haƙa, ɗan kwangila ne da ake biya kuɗin yini, ko an samu mai ko ba a samu ba. A ido na biyun ya fi zama lafiya, amma shi ne ya fi saurin karyewa. Na'urar haƙa ta teku mai zurfi takan ci fiye da dala miliyan 500, kusan kullum da bashi ake sayenta, kuma ko tana aiki ko tana ajiye sai an biya ma'aikata da gyara da inshora da kuɗin ruwan banki. Da zarar farashin mai ya faɗi, abin da masu fili ke fara yankewa shi ne haƙa sabuwar rijiya. A 2013 hayar irin wannan na'ura ta kai dala 600,000 a yini. Da farashin ganga ya zube daga sama da dala 110 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, hayar ta koma ƙasa da rabin haka, na'urori da yawa kuma suka rasa mai haya gaba ɗaya. Seadrill na attajirin Norwe John Fredriksen, ɗaya daga cikin manyan masu na'urori a duniya, ya je kotun Amurka neman kariya daga masu binsa a Satumbar 2017, da bashin da ya haura dala biliyan 10. Aka sake masa tsari, tsofaffin masu hannun jari suka tsira da kusan kashi 2 cikin 100 na sabon kamfanin, a Fabrairun 2021 kuma ya sake komawa kotu. A 2020, shekarar korona, Diamond Offshore da Noble da Valaris duk sun bi wannan hanya cikin 'yan watanni.

Masu zuba jari da suka san aikinsu suna raba matsalar bashi gida biyu, kuma manomin shinkafa na fadamar Bagudo ya san su duka. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Banki a Kebbi a Nuwambar 2015, dubban manoma sun karɓi iri da taki da injin ban-ruwa bashi, a kan su biya da shanshera bayan girbi. Da ambaliyar 2020 ta shanye gonaki daga Argungu har Bagudo da Yawuri, sai aka ga mutum biyu masu kama da juna amma halinsu daban. Ɗaya yana da gona da shanu da suka fi bashinsa daraja nesa ba kusa ba, amma ranar da aka zo karɓa ba shi da buhu ko ɗaya. Wannan ƙarancin kuɗin hannu ne, in mai bin bashi ya yi haƙuri zuwa noman rani zai warware. Ɗayan kuwa ko an sayar da gonar da injin da tumakin gida ba za su rufe abin da ake binsa ba. Wannan ya riga ya karye, jinkiri sai dai ya ƙara masa nauyi. Abin da ya sa harkar mai ta fi haɗari shi ne halin farko yakan rikiɗe ya zama na biyu cikin 'yan watanni, domin farashin ganga ne ke yanke darajar kadarar kamfanin, wato man da ke ƙasa da na'urar da ke sama. Ranar da kuɗin shiga ya ragu, ranar ce jinginar da banki ke riƙe da ita ke rage daraja, ranar ce kuma bankin ke rage lamuni ko ya nemi a biya wani kaso nan take.

Ɗan lissafi zai fito da abin fili. A ɗauka kamfani yana fitar da ganga 10,000 a kullum, kowace ganga tana cinsa dala 30 tsakanin aiki da haraji da kason gwamnati. In ganga tana dala 80, abin da ke rage masa a shekara ya kai dala miliyan 182. In banki na karɓar dala miliyan 70 duk shekara, uwa da ruwa, zai biya, ya haƙa sabuwar rijiya, ya kuma raba riba. Farashi ya sauko dala 45, bai ma kai faɗuwar rabi ba, amma abin da ke rage masa ya koma kusan dala miliyan 55, ƙasa da abin da banki ke jira. Saboda haka ne ƙwararru ba sa tsayawa kan ribar da aka rubuta a rahoto, wadda akanta zai iya yi wa kwalliya. Kuɗin da ya shigo asusu da gaske suke nema, su gwada shi da jimillar bashi. Bashin da ya ninka samun shekara sau ɗaya ko biyu yana ɗaukuwa. Wanda ya haura sau uku ko huɗu, a sana'ar da farashinta ke hawa da sauka haka, ya zama kaya. Sannan su duba jadawalin wa'adi, domin bashin biliyan ɗaya da aka shimfiɗa kan shekara goma yana iya fin na miliyan 300 da zai cika baɗi sauƙi. Akwai kuma wuri ɗaya a rahoton shekara da bai kamata a tsallake ba, wato ra'ayin masu binciken kuɗi na waje. In suka rubuta cewa akwai babbar shakka a kan ko kamfanin zai iya ci gaba da gudana, sun faɗi iyakar abin da aikinsu ya yarda su faɗa.

Afren kamfani ne da a da yake kasuwar hannun jari ta Landan, amma ƙarfinsa a Najeriya yake, a filayen Ebok da Okoro da ke cikin teku, inda yake fitar da dubban ganguna a kullum. A watan Yulin 2014 aka dakatar da shugabansa Osman Shahenshah, daga baya shi da mai kula da ayyuka Shahid Ullah suka rasa kujerunsu saboda wasu kuɗaɗe da aka biya ba bisa ƙa'ida ba, kotun Landan kuma ta same su da laifin zamba a 2018. A Janairun 2015 kamfanin ya sanar cewa man da yake lissafawa a filin Barda Rash na Kurdistan ta Iraƙi ba zai haƙu yadda aka zata ba. Farashi na faɗuwa, bashi ya haura dala biliyan ɗaya, ya kasa biyan kuɗin ruwan wata takardar bashi, ya zuwa ƙarshen Yulin 2015 an miƙa shi ga masu kula da kamfanonin da suka karye. Masu hannun jari ba su samu ko kwabo ba, alhali Ebok da Okoro suna ci gaba da ba da mai a hannun wasu. Adadin gangunan da kamfani ke cewa yana da su ƙiyasi ne, sanarwa ɗaya tana iya share shi. Adadin bashi kuwa rubutacce ne, da sa hannu da shaidu, kuma ba ya raguwa don masana sun sake ra'ayi.

Kamfanin Najeriya yana da ƙarin kaya da na Norwe ba shi da su. Da dala ake sayen na'ura, da dala ake rubuta bashin, amma wani kaso na kuɗin kwangila da naira ake biya. Bashin dala miliyan 100 kusan naira biliyan 46 ne a Mayun 2023. Da aka saki naira a watan Yuni ta gangara har ta wuce 1,500 a 2024, bashin nan ya zama naira biliyan 150 ba tare da an ƙara ranto ko sisi ba. Wanda ya gudu zuwa bashin naira kuma ya tarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ga kuma jinkirin biya: ɗan kwangila yakan gama rijiya ya yi watanni yana bin kuɗinsa, banki kuwa ba ruwansa da wanda kake bi. Seawolf, kamfanin 'yan ƙasa da ya sayi na'urorin haƙa na teku da lamunin banki, an yi alfahari da shi cewa 'yan Najeriya sun shiga sana'ar da baƙi suka mamaye. Ƙarshenta bashin ya koma hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen ruɓaɓɓun basussukan bankuna, na'urorin suka yi shekaru a ajiye tsatsa na cin su.

Bututun da ke maƙwabtaka da Bagudo ya nuna wani gefen da ba a cika gani a takarda ba, wato hanyar da mai zai bi ya isa kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS, gwamnatin sojan Nijar ta shiga matsin kuɗi. A Afrilun 2024 Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya sa hannu da CNPC a kan karɓar dala miliyan 400 tun kafin a sayar da man, da ruwa kashi 7 cikin 100, a biya cikin wata 12 daga kason Nijar na ɗanyen mai. Amma a farkon Mayu Benin ta hana loda jirgi a Seme saboda Nijar ta ƙi buɗe iyakar Gaya da Malanville. Sin ta shiga tsakani, jirgi na farko ya tashi cikin watan. A Yuni Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai ta rufe famfo, 'yan tawaye kuma suka fasa bututun. Sai a watan Agusta lodi ya dawo, duk tsawon lokacin man Agadem na nan a ƙasa, wa'adi na tafiya. Irin haka ya samu kamfanin mai na Seplat a nan gida: da aka fasa bututun Forcados a Fabrairun 2016, hanyar fitar da yawancin mansa ta toshe fiye da shekara guda, ya rufe shekarar da asarar dala miliyan 166. Abin da ya taimake shi, yana da cinikin iskar gas da ke kawo kuɗi ta wata ƙofa, ya kuma zauna da bankunansa aka tsawaita wa'adi. Rijiyar Kebbi, in Allah ya kawo ta, za ta kasance ɗaruruwan kilomita daga teku, don haka dole a tambayi ta ina man zai fita, kuma hannu nawa ke iya rufe hanyar. Mutanen da suka ga rufe iyaka na Agustan 2019, da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwambar shekarar, sun san cewa sanarwa guda daga Abuja ko Kwatano ko Yamai ta isa.

Za a ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai haƙa rijiyar miliyoyin daloli da kuɗin aljihunsa. Haka ne, ban kuma ce kamfani mai bashi abin gudu ne ba. Seplat ɗin nan da taimakon lamuni ya ƙarasa sayen kamfanin Mobil na Najeriya a Disambar 2024. Za a ƙara da Oando, wanda ya sayi kadarorin ConocoPhillips na Najeriya a kan dala biliyan 1.5 a Yulin 2014, daidai lokacin da farashi ya fara zubewa, ya sanar da asarar da ta haura naira biliyan 180 ta shekarar, masu binciken kuɗinsa suka yi ta rubuta shakka shekara bayan shekara, amma bai mutu ba. A Agustan 2024 ma ya sayi kamfanin Agip na Najeriya a kan dala miliyan 783, farashin hannun jarinsa ya tashi sosai. To ga shi nan, in ji mai wannan hujja, mahaƙurci mawadaci. Sai dai a lissafa abin da haƙurin ya ci. An yi shekaru ba a raba wa masu hannun jari riba ba, nairar da suka zuba ta zaizaye, kuma a Oktoban 2017 aka daskarar da farashin hannun jarin na tsawon watanni, bayan ƙorafin da wasu manyan masu jari suka kai hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, cikinsu har da Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina. Saɓaninsa da kamfanin sai da Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya shiga tsakani aka sasanta a Janairun 2018. Attajiri irin Mangal yana da lauyoyi, yana da ƙofar fada, yana iya jira. Malamin makarantar da ya sa kuɗin sallamarsa ba shi da ko ɗaya. Kamfanin da ke raye saboda masu binsa sun zaɓi su yi haƙuri, ransa a hannun wasu yake, kuma mai ƙaramin jari ba ya cikin ɗakin da ake yanke wannan shawara.

Wasu sukan kwantar da hankalinsu da cewa NNPC na cikin aikin, ba zai karye ba. NNPC ba za ta rufe ƙofa ba, amma wannan bai hana mai binta shan wuya ba. A ƙarshen 2016 sai da aka zauna da manyan kamfanonin haɗin gwiwa aka sasanta bashin kason aikin da ta kasa biya a kan dala biliyan 5.1. A Agustan 2023 ta sanar da lamunin dala biliyan 3 ta hannun bankin Afreximbank, wanda za a biya da ɗanyen man da ba a haƙo ba tukuna, a Satumbar 2024 kuma ta amsa da bakinta cewa bashin masu kawo mata fetur ya yi mata nauyi. Gangar da aka riga aka jinginar ba ta cikin abin da za a biya sabon ɗan kwangila da shi.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta masu cewa irin wannan taka-tsantsan yana kashe gwiwa, alhali Arewa ta daɗe tana shan gorin cewa ba ta kawo komai asusun tarayya. Ina jin zafin gorin nan, kuma ina son a haƙa. Son a haƙa ɗin ne ya sa dole a tambayi da kuɗin wa. A Kwarin Chadi ta Borno NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a shekarun baya ba ta samu man sayarwa ba. A Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, an sanar da samun mai a 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 22 ga Nuwambar 2022 ana maganar ganga biliyan ɗaya, amma shekaru bayan bikin ba a fara kai mansa kasuwa ba. Haka neman mai a sabon wuri yake a duk duniya: yawancin rijiyoyin gwaji busassu suke fitowa, wadda ta dace ma sai an yi shekaru kafin ta kawo kuɗi. Aikin da ba shi da ranar samu ba a ci masa bashi mai ranar biya. Kuɗin da ya dace da shi shi ne wanda mai shi zai iya rasawa bai rushe ba, na manyan kamfanoni masu rijiyoyi a wasu wurare, ko irin asusun da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ware wa binciken sababbin kwaruruka, kashi 30 cikin 100 na ribar man NNPC daga wasu kwangilolinta. Kamfanin da ya zo Kwarin Sakkwato da lamunin banki na shekara uku, ba shi da rijiya mai ba da mai a wani wuri, ya karye tun kafin ya kafa na'ura. In kuwa ya faɗi a tsakiyar aiki, sunan yankin ne zai ɓaci a idon masu kuɗin da za su iya zuwa daga baya.

Mai karatu Musulmi yana da ma'auni a hannu tun tuni. Malaman da ke tantance hannun jarin da ya halatta a saya ba sa tsayawa kan cewa sana'ar kamfani halas ce, suna auna bashinsa mai ruwa. Ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda cibiyoyin kuɗi na Musulunci da yawa ke bi, ita ce kada bashi mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuma kasuwar hannun jari ta Legas tana da jerin kamfanonin da aka tantance, wanda aka fara da Lotus Capital a 2012. Gudun haram ne ya kai malamai ga wannan iyaka, amma wanda ya tsaya a kanta da bai kwana da hannun jarin Seadrill ko Afren ba lokacin da suka faɗi.

Mai cewa mu a Bagudo ina ruwanmu, wa ke da hannun jari a nan, shi ma ya duba da kyau. In kamfani ya karye layi ake yi: bankin da ke riƙe da jingina a gaba, sai haraji da albashin ma'aikata, sai masu bin bashi marasa jingina, mai hannun jari a can ƙarshe. Marasa jinginar nan su waye? Mai tifa da ya kwaso yashi da tsakuwa, mai tankar ruwa, matar da ke dafa wa ma'aikata abinci wata-wata, mai gidan da aka kama haya, manomin da aka yi wa alkawarin diyyar gona kashi-kashi. Duk wanda ya yi aiki yau za a biya shi bayan wata uku ya ba kamfani bashi, ko ya sani ko bai sani ba. Dokar 2021 ta wajabta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar da yake aiki a cikinta, ta kuma wajabta asusun rufe rijiya da gyara wuri bayan an gama. Kamfanin da ya karye ba ya zuba ko ɗaya, kuma rijiyar da aka bari a buɗe kusa da fadama da kogi, manoma da masunta da makiyaya za ta dama. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho shi ma yana ciki, domin ana zuba wani kaso na kuɗin a hannun jarin bankuna, kuma a 2016 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lamunin bankunan Najeriya harkar mai da gas ya tafi.

Haɗarin da ya fi kusa ma ba ya bukatar na'ura. Duk inda aka yi jita-jitar arziki, masu takardun bogi sukan riga injiniyoyi isowa, kuma waɗanda damfarar MMM ta cinye a 2016 da ta CBEX a 2025 ba su da wuyar samu. Babu mutumin da zai iya sayar wa kowa kaso a man Kebbi, domin tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa, lasisi kuma ta hannun hukumar NUPRC yake bi. Duk kamfanin da ke neman kuɗin jama'a sai ya yi rajista da SEC, ana kuma iya tambayar hukumar kafin a ba kowa ko naira ɗaya. Kirana ga gwamnatin Kebbi da 'yan majalisar yankin da iyayenmu sarakuna da hakimai, waɗanda su za a fara kai wa gaisuwa ranar da kamfani ya zo: kafin a ba da ko kadada ɗaya, a nemi rahoton kuɗinsa na shekara uku wanda masu bincike na waje suka sa wa hannu, a nemi jadawalin basussukansa da sunayen masu binsa, a ba akantoci 'yan jiha su karanta su yi wa jama'a bayani da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. A biya diyyar gona gaba ɗaya kafin a kafa na'ura, 'yan kwangilar gida kuma kada su yarda aikinsu ya wuce wata guda ba a biya su ba.